Rakiya Mai Waina da Matar Cikin Gilashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran motar ma'aikata a bakin hanyar Karshi, a shekarun da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ya san Rakiya mai waina ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, baƙa wuluk, da tsagar 'yan baka uku-uku a kowane gefen baki, irin ta gidansu. Bayan hannuwanta duk tabon mai ne. In ta yi dariya sai ka ji ta daga tsallaken titi, in kuwa ka taɓa ta da magana za ta rama maka nan take, ba ta ajiya sai gobe.

A wani ƙauye kusa da Malumfashi aka haife ta. Can ta girma, can ta koyi tanda a hannun uwarta, can kuma Badaru ɗan maƙwabtansu ya zo hutu daga Legas ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Ya tafi da ita Agege, suka haifi Mubarak, daga baya Fiddausi. Zaman Agege ba na daula ba ne, amma babu wanda ke yi wa wani ƙarya, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Badaru na lokacin mutum ne kamar kowa, yana zama a tabarma ya ci tuwo da hannu, ya lashe yatsunsa.

Ranar da aka ce ma'aikatarsu za ta koma sabon birni, ranar Badaru ya ƙare, aka samu Malam Badaruddeen. Aikinsa dai bai canja ba: ya ɗauki fayil daga wannan tebur ya kai wancan, in oga ya danna ƙararrawa ya taso da gudu. Amma sai ga biro uku a aljihun gaba, ga jaridar jiya da oga ya yar a hammata, ga tafiya a hankali kamar mai tsoron ƙasa ta fashe. Ya tara 'ya'yansa ya ce daga yau shi Dadi ne. Ya so a mai da Rakiya Momi, ta ce ita dai Inna aka san ta, wanda ya kira ta da wani suna ya nemi mai amsa masa.

Abujar da aka yi ta kwatanta musu, mai tituna kamar tabarma da fitilu har sama, tana nan, sai dai ba tasu ba ce. Su tasu ita ce ɗaki ɗaya a Jikwoyi, a gidan wani dattijon Bagware, da rijiya a tsakar gida da jan taɓo har idon sawu in damina ta sauka. Badaruddeen ya sa aka raba ɗakin da labule. Bayan labule sunansa ɗaki, gaban labule sunansa falo, kuma kada wanda ya kuskura ya kira shi da wani abu dabam.

To a wancan lokacin akwai wata al'ada da ƙananan ma'aikata suka ɗora wa kansu ba tare da kowa ya sa su ba. Duk wanda aka dawo da shi Abuja, dole ya ɗauki hoto da iyalinsa, a wanke ƙanana a aika gida don dangi su gani su yi shiru, a wanke babba ɗaya a kafa a bango. Kuma babu mahaukacin da zai tsaya a ƙofar ɗakinsa a ɗauke shi da taɓo da kaji a baya. Kowa wurin Bernard yake zuwa.

Shagon Bernard na langa-langa ne a bayan kasuwar Nyanya. Ciki akwai ƙaton labule da aka zana wa bene mai hawa uku da mota a gindinsa, akwai kujera mai laushi guda, akwai furen roba, akwai wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba. Yana da kwat ta aro da takalman aro, har agogon aro da ya daɗe da tsayawa. Amma abin da ya ɗaga sunansa shi ne gyara. In ya wanke babban hoto sai ya shimfiɗa shi a tebur, ya ɗauko reza da ɗan buroshi da ƙananan kwalaben fenti, ya kankare abin da bai yi masa ba, ya shafe sauran. Asalin sana'arsa hotunan jana'iza ne na mutanen coci, inda ake so mamaci ya fito da ƙiba da haske kamar bai taɓa jinya ba. A nan hannunsa ya faɗa, kuma fuska ɗaya tak ya iya. Ita yake raba wa kowa, mai rai da matacce.

Bayan wata ƙaramar Salla Badaruddeen ya kwashe su zuwa can. Ya zura kwat a kan kaftani, ya zauna a kujera, ya ɗora hannu a kan tarho kamar yanzu minista zai kira shi. Aka tsayar da Rakiya a bayansa, aka ce ta ɓoye hannuwanta. Mubarak a dama, Fiddausi a hagu. Da aka gama, Rakiya ta ga mijinta ya ja Bernard gefe yana masa raɗa, yana nuna nasa kumatun da yatsa, sannan ya nuna idonsa na hagu. Ba ta kawo komai a ranta ba, hankalinta na kan ƙullun da ta bari a gida.

Idon da ya nuna na Fiddausi ne. Yarinyar da shi aka haife ta, na hagun ya ɗan karkata waje, abin da ake ce wa harara-garke. A Agege babu wanda ya mai da shi magana, ita ma ba ta san da shi ba. Lokacin ba ta wuce shekara shida ba, ga surutu kamar aku, ga ƙura wa mutum ido har sai shi ya kau da kai. Da yake ba ita ce ta fari ba, Rakiya ba ta jin kunyar kowa a kanta, tana goya ta tana mata kirari a gaban jama'a.

Da hoton ya iso cikin firam mai ruwan zinariya, Rakiya ta dube shi ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wannan baiwar Allah fa? Daga ina ka samo ta?"

Matar da ke bayan kujerar fara ce sol, kumatu sumul, babu tsaga ko ɗaya, an rage mata baki an ƙara mata wuya. Atamfar ce kaɗai ta Rakiya. Yarinyar da ke hagu ita ma an wanke ta tas, idanunta biyu sun miƙe daram suna kallon gaba. Shi kansa Badaruddeen an cike masa sanƙo. Mubarak ne kawai aka bari kusan yadda yake, wataƙila fenti ne ya ƙare.

"Ke ba ki san ci gaba ba," in ji Badaruddeen. Ya hau kujera ya buga ƙusa, ya rataye shi daidai inda duk mai shigowa zai fara cin karo da shi.

Kada a ce Rakiya waliyya ce. Dariyar nan ba ta yi mako ba. Ita ke goge gilashin kullum da safe, kuma tana gogewa tana kallo, kallon yana daɗa tsawo. Tun da take ba ta taɓa tunanin fuskarta na da wani aibu ba, sai da aka nuna mata wadda ba ta da shi. Ta fara jan gefen gyale tana rufe baki in masu sayen waina sun ba ta dariya. Har wani man shafawa ta saya a ɓoye, wanda aka ce yana sa haske, sai dai da zafin tanda ya haɗu da shi fuskarta ta yi ta raɗaɗi, ta jefa shi masai. Mace mai 'ya'ya biyu, mai ciyar da rabin unguwa da safe, ta koma jin nauyin takarda.

Shi kuwa maigidan ya samu abin yi. In baƙo ya shigo, kafin a kawo ruwa zai miƙe ya nuna bango ya ce, "Ga iyalin nawa." Iyalin kuwa suna nan durƙushe a gabansa suna gaisuwa, amma hannunsa bai taɓa nuna ƙasa ba. Baƙi su ɗaga kai su ce masha Allah, su sauke kai su dubi Fiddausi, su sake ɗagawa. Masu kara su yi shiru. Marasa kara su ce, "Kai, hoton nan ya yi mata adalci da yawa," a yi dariya, Badaruddeen ya fi kowa ƙarfin dariya.

Yarinya tana ji. Ta fara jawo turmi ta kife, ta hau, ta tsaya tana kallon waccan yarinyar. Wata rana Rakiya ta same ta da fasasshen madubi tana tura idonta da yatsa don ya dawo tsakiya, har ya yi ja yana hawaye. Ta ƙwace madubin ta yi mata faɗa, ta wuce harkarta. Sannu a hankali surutun ya ragu. Ta koyi tafiya da kai a karkace, ta koyi jawo hijabin Islamiyya ya rufe gefen hagu, ta daina kallon kowa a fuska. Malamarsu ta aiko cewa ko an kira sunanta ba ta ɗaga kai. Matan gida kuwa sai yabo suke, wai Fiddausi ta yi hankali, yarinya mai kunya. Rakiya ta karɓi yabon har da godiya. Shekara biyu ana haka, uwa na goge gilashi, 'ya na dusashewa a gindinsa.

Wadda ta fasa abin baƙuwa ce. Monica sunanta, 'yar Binuwai, mai shara a wani asibiti a cikin gari, ta kama ɗakin da ke kusa da rijiya. Kwana kaɗan da tarewarta ta shigo gaisuwa da doya biyu a hannu. Tana ɗaga labulen ƙofa idonta ya faɗa kan bango. Nan take fara'arta ta ɗauke. Ta ajiye doyar a hankali, ta haɗa hannu a ƙirji.

"Ayya, Maman Mubarak, sannu. Ban sani ba ai, babu wanda ya gaya mini. Madam na farko ke nan? Ita da yarinya tare suka mutu?"

Rakiya ta tsaya da kofin ruwa a hannu. "Wa ya mutu?"

"Wannan mana. A wurinmu in ka ga an yi wa hoto fenti haka, an sa shi a firam na zinariya, to mutumin ya tafi. Aikin Bernard ne ai, na gane hannunsa, shi ya yi na babana. Ga kumatu nan, irin na babana ne sak." Ta matsa kusa tana girgiza kai. "Kai, yarinya mai kyau haka, Allah ya ɗauke. Ke ma kin yi ƙoƙari, kina riƙe yaron wani kamar naki."

Da a da ne, Rakiya za ta yi dariya har ta faɗi, ta kuma ba da labarin a bakin tanda wata guda. Ta ma buɗe baki za ta fara. Sai wata ƙaramar murya ta fito daga bayan labulen tsakiya, inda Fiddausi ke ɓuya duk lokacin da aka yi sallama.

"Ba ta mutu ba. Ni ce, in na warke."

Monica ta dubi labule, ta dubi bango, ta dubi Rakiya da kyau a karon farko, ta ga atamfar da ke jikinta ita ce a hoton. Ta sa hannu ta toshe baki. Ta yi ta ba da haƙuri har ta fita da baya, ta manta takalminta ɗaya.

Rakiya ta zauna a inda take. Kunya ta fara kama ta, sannan baƙin ciki, sannan wani fushi da ba ta taɓa jin irinsa ba, kuma rabinsa da kanta take yi. Wato duk tsawon lokacin nan 'yarta jinya take, tana jiran ranar sallama, ita kuma uwar tana goge mata cutar da tsumma kowace safiya. Ta miƙe ta sauke hoton, ta jingina shi a bayan buhun shinkafa, fuskarsa na kallon bango.

Badaruddeen ya dawo bayan la'asar, ya ga ƙusa tsirara.

"Ina hotona?"

"Malam, me ka ce wa Bernard ranar nan?"

"Na ce ya gyara. Laifi ne mutum ya gyara iyalinsa?"

"Lalacewa muka yi?"

"Rakiya, nan Abuja ce, ba Agege ba. Kin san irin mutanen da ke shigowa falon nan?"

"Na sani mana. Mai kawo gawayi, da abokinka mai aron dutsen guga. Yau kuma an shigo an yi mini ta'aziyyar kaina. 'Yarka ta ce ita ce a ciki in ta warke. Ka ji? In ta warke."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar, har ta ɗauka maganar ta shige shi. Ashe lissafi yake. "To ai kin gani," ya ce, "ita ma ta san wanda ya fi. Yaro yana buƙatar abin da zai riƙa hange."

Ya zagaya bayan buhu ya ɗauko kayansa, ya hure ƙurar, ya mayar kan ƙusa, ya ja da baya yana duba ko ya karkace. Ya ce ƙananan suna can a ɗakin tsohuwarsa a ƙauye, kowa ya gani ya yaba, ɗaya kuma yana ofis. Ofis ɗin da ko tebur ba shi da shi a ciki, don haka a aljihu yake yawo da shi, a bayan biro ukun nan.

Rakiya ta yi tunanin fasa shi da taɓarya. Abin da ya hana ta ba tsoron Badaruddeen ba ne, wannan ta daɗe da wuce shi. Ta ga in ta fasa, yarinyar za ta ɗauka an fasa mata ranar warkewa ne. Sai ta yanke shawarar a ɗauki wani hoton.

Ran Asabar ta tashi daga tanda da wuri. Ta yi wa Fiddausi kitso, ta sa mata lalle, ta ja mata kwalli a ido biyun, na hagun ma har ta fi cika masa. Ita ma ta ɗaura atamfarta mai kyau. Suka hau mota zuwa Nyanya.

"Hoto za ka ɗauke mu, ni da ita," ta ce wa Bernard. "Ban da labule, ban da tarho. Kuma in ka kusanto shi da buroshin nan, ni da kai ne."

Bernard ya dube su sama da ƙasa kamar an kawo masa ruɓaɓɓen kifi. "Madam, haka kawai? Ba gyara? Sunana zai lalace fa. In mutane suka gani suka ce aikin Bernard ne?"

"Ka ce ba naka ba ne."

A kan haka aka daidaita: zai ɗauka, amma ba zai buga hatiminsa a baya ba. Mutumin da ya cika bangon Nyanya da Karu da kumatun mahaifin Monica, shi ne ke tsoron a ɓata masa suna da fuskar mai rai. Ya fito da su waje, ya tsayar da su jikin katanga inda rana ke faɗowa. Fiddausi ta sunkuyar da kai, hannunta na laluben ɗankwali. Rakiya ta durƙusa daidai tsayinta, ta tallafi haɓarta ta ɗago.

"Dube shi sosai, uwata. Da duka biyun."

Tana faɗa ta ji nata hannun ya kama gefen gyale zai kai baki. Ta sauke shi, ta ɗora a kafaɗar yarinyar, tabon mai da komai a fili. Bernard ya yi tsaki ya danna.

Da ta je karɓa mako na zagayowa, ya miƙo mata shi a cikin tsohuwar jarida ba tare da ya dube ta ba. Ta buɗe a bakin titi. Ga ta nan, baƙa, da 'yan bakanta shida, kuma abin da ta fara gani a fuskarta shi ne kamannin uwarta, yadda take a bakin tanda a ƙauye. Ga Fiddausi, kwalli raɗau, ido ɗaya na kallon mai hoto ɗaya na kallon kasuwa, kyakkyawa har cikin rai. Rakiya ta tsaya tana murmushi ita kaɗai, masu mashin na mata hon. Rabonta da jin daɗin fuskarta haka tun Agege. Duk hanyar Jikwoyi tana riƙe da shi a ƙirji, tana shirya abin da za ta ce.

Ta tarar Badaruddeen bai dawo ba, Mubarak na wurin ƙwallo. Ta shimfiɗa tabarma a bayan labule, ta kira Fiddausi ta zaunar da ita a cinya duk da ta yi girma da hakan, ta sa mata hoton a hannu.

Yarinyar ta daɗe tana kallo. Ta juya bayansa, ta sake juyo gabansa. Ta kai yatsa ta shafa wurin idon a hankali.

"Inna, bai gama ba."

"Me bai gama ba?"

"Bai gyara ba. Ki mayar masa ya ƙarasa."

"Ai babu abin gyarawa, uwata. Haka Allah ya yi ki, kuma ya yi ki da kyau. Dubi nan, ga ni ni ma. Haka nake, haka ya bar ni, kin ga na damu?"

Fiddausi ta ɗago kai. Rabon da ta kalli uwarta ido cikin ido har an manta, yau ta kalla, ta bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya, ta sauka kan hannuwan. Babu raini a fuskarta, tausayi ne zalla, irin wanda ake yi wa wanda likita ya sallama ya ce a koma da shi gida.

"Ke ai ba komai, Inna," ta ce. "Kin riga kin saba."

Ta miƙa mata hoton da hannu biyu, cikin ladabi, yadda aka koya mata miƙa wa manya abu, ta sauka daga cinyarta ta fita tsakar gida, kanta a ƙasa.